Yatsu Huɗu Kafin Wuyan Hannu

Lahadi, 2 ga watan Kartik, ƙarfe goma na safe

Kwana biyar ke nan wayarka a kashe. Na sayi littafin nan ne don in sami inda zan zage ka, tunda Ama tana gidan, kuma ba a zagin ɗa a gaban uwarsa.

Kai dai tsoho ba ka da kunya. Shekara goma muna bin doguwar hanyar nan tare, daga gindin Kanchenjunga a gabas muna nufin Hilsa a ƙarshen yamma. Kowace shekara mu ajiye aikin jagorar baƙi, mu saci wata guda, mu ci wani yanki da ƙafa. Mu dawo Pokhara mu hau benen Bekha-dai mai zanen jiki, ya ƙara mana layin a hannun hagu, naka da nawa iri ɗaya, daga kafaɗa yana gangarowa. Ɗigo biyu a kan kowace mashigar dutse da muka haye, ɗaya naka ɗaya nawa. Ba mu haihu ba, layin nan shi muka raina kamar ɗa.

Doka biyu ce kawai, kuma da bakinka ka kafa su. Ba mai tafiya ya bar ɗan'uwansa. Allura ba ta taɓa inda ƙafa ba ta taka ba.

Saura yanki ɗaya tak, daga tafkin Phoksundo zuwa Hilsa, yatsu huɗu kafin wuyan hannu. Sai gwiwata ta lalace, likita ya sa mata ƙarfe ya ce ni da hawan dutse har abada. Ko shekara ba a rufa ba ka ɗaure igiyar takalminka ka tafi kai kaɗai.

Rediyo ya ce dusar ƙanƙara ta sauka a Dolpo da Mugu ba a lokacinta ba. To sai me? Ka ga wadda ta fi ta.

Litinin, 3 ga Kartik, da rana

Ƙanenka Yam ya zo a kan babur, ko hular kwano bai cire ba ya fara magana.

"Bhauju, matar yaya, ya kamata mu kai sunan Dai, yayana, wurin 'yan sanda. Kowa yana kai na nasa."

"Sata ya yi?"

"Haba Bhauju! Mutum shi kaɗai a bayan Phoksundo, ga kuma abin da ake faɗa a rediyo."

"Yam, yayanka yana goya Turawa masu nauyin buhun shinkafa yana sauko da su daga duwatsu tun kana tsotson yatsa. Yana can bukkar wani makiyayi yana shan shayin man shanu yana shara musu ƙarya. In za ka kai suna ka kai, ni dai ban aike ka ba."

Ya kai. Ya dawo yana gaya mini wai sun tambayi ko akwai wata alama a jikinka, shi kuma ya ba su labarin zanen. Wa ya sa shi? Hannunka ne da nawa, ba na hukuma ba.

Talata, 4 ga Kartik, da safe

A kashe. Matar nan ta cikin waya ta ce in sake gwadawa an jima. Ita ma ta sha zagi.

Laraba, 5 ga Kartik, ƙarfe biyar na yamma

Matan unguwa sun fara sintiri. Su shigo da ayaba, su zauna a bakin gado, su langaɓe kai kamar kajin da ruwa ya doka. Sai in kama idanunsu a wuyana, suna kallon jar tsakiyar aurena. Na san abin da suke aunawa.

Matar mai gyaran keke ta ce, "Didi, yaya, ki yi haƙuri, ki ci wani abu."

Na ce, "Haƙurin me? Akuyarki ce ta mutu?"

Ta kwashe ayabarta ta fita. Gara haka. Gobe zan sa jan zanen nan da ka ce yana sa ni kama da motar kashe gobara, in zauna a ƙofar gida kowa ya gani.

Alhamis, 6 ga Kartik, bayan abincin rana

Ama har yanzu tana zuba maka shinkafa da miyar wake a farantinka na tagulla, ta rufe, da yamma ta juye wa kare. Karen ya yi ƙiba, ni na rame, kai kuma oho.

Yau tana tsintar shinkafa sai ta kama hannuna ta janye rigar, ta bi layin da yatsa tun daga kafaɗa har inda ya tsaya. Ta juya bayan hannunta ta nuna mini ɗan jinjirin watan nan da ya kusa gogewa.

"Ina 'yar shekara tara kakata ta yi mini shi, da ƙaya da baƙin fitila. Na yi ihu har maƙwabta suka fito. Ta ce yi shiru, zinariya ana cirewa, tsakiya ana tsinkewa, wannan kaɗai ake barin mutum ya tafi da shi. Da shi naki za su gane ki a can."

"Ama, wa yake maganar can?"

"Ba kowa, 'yar nan. Hira nake."

To ta riƙe hirarta. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa da ƙarfi har hotonmu na kan mashigar Thorong ya karkace a bango, ban kuma gyara shi ba.

Juma'a, 7 ga Kartik, da hantsi

Ka tuna ranar farko a benen Bekha-dai? Kai da ka taɓa ɗinke ƙafarka da zaren buhu a kan dutse, allura tana taɓa ka ka fara kiran uwarka. Bekha-dai ya kashe injin ya ce, "Ko in kira mai ɗaki ta riƙe ka?" Ni na riƙe ka ɗin. Sau goma na riƙe ka.

Shi ya sa abin ya ci mini rai. Ka zauna a gabana kana shafa wa takalmi mai, kana cewa wai za ka taka mana mu biyu, in ka dawo mu je a ƙarasa mana layin tare. Na ce ƙafarka ba tawa ba ce. Na ce ba zan ɗauki ƙarya a jikina ba, in mutu da ita. Ka ce ina da taurin kai kamar alfadarin Mustang. Na ce gara alfadari, shi ba ya barin abokin tafiyarsa a hanya.

Sati guda ban yi maka magana ba, na juya fuskata bango. Abin da na faɗa da safen da ka fita kuwa, ba zan rubuta shi a nan ba. Ka ji shi da kunnenka.

Asabar, 8 ga Kartik, da rana

A kashe.

Lahadi, 9 ga Kartik, ƙarfe huɗu na yamma

Ba kai ba ne. Bari in fara rubuta wannan. Ba kai ba ne!

Da safe aka kira Yam daga ofishin 'yan sanda, ya ɗauke ni a babur, gwiwata tana ihu a kowane rami. Babban nasu mai furfura a gashin baki ya ba ni kujera, ya sa aka kawo shayi. Da na ga shayin nan na tsane shi.

"Ke ce matar Dilman Pun?"

"Ni ce."

"Didi, makiyaya sun tsamo wani mutum daga rafi a can Mugu. Babu jaka, babu takarda. Fuskar ba zan nuna miki ba, ba za ta taimaka ba. Amma an turo hoton hannu."

Ya miƙo wayar. Yam ya juya baya, matsoraci. Ni na duba. Hannun hagu ne, an yanke rigar, ga layi yana gangarowa yana lanƙwasa yadda hanyar take lanƙwasa. Na bi shi da ido, ya wuce gwiwar hannu, ya wuce inda Phoksundo take, ya ci gaba, ya ci gaba, har ya je ya tsaya cak a wuyan hannu.

Dariya ta kubce mini. Na naɗe rigata na ajiye hannuna a kan teburinsa.

"Duba nan, ranka ya daɗe. Nawa ya tsaya yatsu huɗu kafin wuyan hannu, na mijina ma haka. Wannan mutumin ya gama hanyarsa har an ƙarasa masa. Mijina yana kan hanya tukuna."

"Ba zai yiwu ya ƙara kafin ya tafi ba?"

"Wa? Shi? Ai ko an ɗora masa wuƙa a wuya. Mu ba ma sa tawada inda ƙafa ba ta taka ba. Tambayi kowane jagora a bakin tafkin Pokhara."

Yam ya ce gaskiya ne, kowa ya san Dai da wannan. Mutumin ya daɗe yana kallona, sannan ya turo takarda na sa hannu cewa ban san mamacin ba. Ya ce a can babu wurin ajiya na kirki, kwana goma za su jira, in ba wanda ya zo sai a haƙa rami a bakin rafi a rufe shi a matsayin baƙo. Na ce abin tausayi ne, na kuma shanye shayin.

A hanya Yam yana ta buga ƙaho kamar ɗan ɗaurin aure. Ka gani ko? Taurin kanka ya yi rana. In ka dawo sai na fasa maka kai da murfin tukunya.

Litinin, 10 ga Kartik, da safe

Ama ta jiƙa shinkafa za ta soya zoben waina na bikin fitilu, wai ka fi son nata da zafi-zafi. Tana waƙa. Rabon da in ji ta tana waƙa tun kafin rasuwar mahaifinku.

Na ci rabin ɗaya, na ajiye sauran. Man ne ya yi yawa.

Talata, 11 ga Kartik, da rana

Ban ƙirga ɗige-ɗigen ba. Hoton bai fito da kyau ba, kuma ba wanda ya ce in ƙirga.

Laraba, 12 ga Kartik, ƙarfe shida na yamma

Na je sayen furannin ado a kasuwa, sai ga Bekha-dai yana tahowa da ledar kifi. Na ɗaga masa hannu don in ba shi labarin 'yan sanda mu yi dariya. Ya gan ni, na rantse ya gan ni. Sai ya tsallaka titi, saura kaɗan mota ta kwashe shi, ya shige lungun masu walda.

Mutumin da ya san fatata fiye da likita. Me na yi masa? Kowa ya haukace a garin nan, kuma kai ka jawo.

Juma'a, 14 ga Kartik, da sassafe

Ranar hankaki, farkon bikin fitilu. Ama ta zuba shinkafa a ganye ta ce in kai saman ɗaki, a ciyar da su kada su kawo mugun labari. Na hau da ƙyar, mataki ɗaya-ɗaya. Suka sauko suka cinye tas. Wani ƙato ya tsaya a kan tankin ruwa yana kallona yana ƙara.

Na cire takalmi na jefe shi. Ya faɗa gidan mai gyaran keke, yanzu kuma sai na je roƙon takalmina wurin matar da na kora.

Asabar, 15 ga Kartik, da rana

Kwana shida cikin goma. Ina ruwana da ƙirga kwanakin gawar wani?

Lahadi, 16 ga Kartik, ƙarfe biyar na yamma

Wata mata tana can wani wuri tana buga waya ana ce mata a kashe. Wannan ne ya dame ni, ba wani abu ba. Layin nan hannun Bekha-dai ne, ko a mafarki na gani zan gane. Shi zai san wa ya ƙarasa wa, a gaya wa matar ta je ta ɗauki mijinta kafin a rufe shi kamar mushen jaki.

Na je, shagon a rufe. Na leƙa ta gilashin ƙofar bene, inda yake manna hoton duk hannun da ya ƙarasa. Guda bakwai ne. Biyar farare ne masu gashi ja. Biyu na mutanenmu ne, Lakpa mai dogon wuya da Gopal na Lamjung. Hannun da na gani a wayar ɗan sanda ba fari ba ne.

Lakpa yana Japan yana wanke kwanuka, jiya ma matarsa ta yi waya da shi. Gopal kuwa na same shi a bakin tafki yana cin gyaɗa yana yi wa wasu baƙi ƙaryar damisar ƙanƙara. Na tsaya ina kallonsa har ya tsargu.

"Bhauju, lafiya? Kin ga fatalwa ne?"

Na so in mare shi don kawai yana raye.

Gari duk fitilu. Ama ta jera nata tun daga ƙofa har ɗakinmu, wai don ka ga hanya.

Litinin, 17 ga Kartik

Ban san ƙarfe nawa ba ne, rana dai tana sama.

Gidansa na je. Matarsa ta ce ya tafi Bandipur, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. Na zauna a kan matakala na miƙe ƙafar ƙarfen na tare hanya, na ce zan jira shi ya dawo daga Bandipur ɗin. Ba a yi minti goma ba ya fito, da singileti, ya tsufa kamar an ƙara masa shekara goma.

"Bahini, ƙanwata, shigo ciki."

"Ba zan shiga ba. Dai, hannu nawa ka ƙarasa?"

"Bakwai."

"Kalle ni ka faɗa."

Ya zauna a matakalar ƙasa da ni, ya ba ni baya. Ya ce takwas.

Ya ce kwana biyu kafin ka tafi ka hau benensa kai kaɗai, ka naɗe riga ka ce ya ƙarasa. Ya ce ya ƙi, ya tuna maka dokarka, har ya nuna maka ƙofa. Ka zauna ka ƙi tashi.

"Me ya ce maka? Faɗa mini yadda ya faɗa, kada ka gyara."

"Ya ce, 'Tsohuwata ba za ta yarda a sa mata abin da ba ta taka ba, na san ta, gara ta mutu da guntun layi. Amma in ta ga ni na riga ta karya dokar, ba ta da bakin magana. In ƙarya ce, mu zama maƙaryata mu biyu. Ka sa ɗigo bibbiyu har ƙasa.' Haka ya ce, Bahini. Ya ce in rufe bakina sai ya dawo."

"Da ka ji an tsamo mutum fa? Da ka ji na ce ba shi ba ne?"

"Na ga Ama tana sayen mai a kasuwa tana dariya. Na kasa."

Na faɗa masa maganganun da ban san na iya su ba. Na ce Ubangiji ya busar da hannun da ya riƙe allurar. Na ce kwana takwas ya bar tsohuwa tana soya wa gawa waina. Matarsa tana kuka a bayan labule.

Kwana biyu kana kwance kusa da ni da ɗanyen zane a hannu, kana sa riga mai dogon hannu cikin zafin nan, ban gani ba. Ta yaya zan gani? Bango nake kallo.

Ɗige-ɗigen bibbiyu ne a hoton. Na gani tun ranar.

Talata, 18 ga Kartik, cikin motar Nepalgunj, da rana

Mai furfurar gashin baki bai ce "ai na gaya miki" ba. Ya ciro takardar da na sa wa hannu ya yaga a gabana, ya buga waya Mugu. Suka ce har sun sa an haƙa ramin, amma za su ƙara mana kwana biyu.

Yam ne ya gaya wa Ama. Ni ina waje ina ɗaure jaka, na ji waƙar ta tsaya.

Rubutun nan duk ya karkace, hanya ba kyau. Yam yana ta amai ta taga. Maƙaryaci. Kai nake nufi, ba Yam ba. Maƙaryaci, mayaudari, mai karya doka.

Laraba, 19 ga Kartik, filin jirgi, ƙarfe uku

Hazo ya rufe duwatsu, jirgi bai tashi ba. Yau ne kwana na goma.

Alhamis, 20 ga Kartik, Gamgadhi, da yamma

Mun iso. Sun ajiye ka a wani ɗaki mai sanyi a bayan gari, an rufe ka da shuɗiyar leda. Na ce kada su buɗe ko'ina sai hannun.

Na naɗe rigata na jera nawa kusa da naka, yadda muke yi a gaban madubin Bekha-dai. Komai ya hau daidai. Ga lanƙwasar Makalu, ga wurin da ka motsa a shekara ta huɗu layin ya ɗan yi ƙaho. Sabon yankin ya fi sauran baƙi, ko gama warkewa bai yi ba.

Wani makiyayi da ya tsamo ka ya zo, yana juya hularsa a hannu. Ya ce ka riga ka haye babbar mashigar, kana gangarowa ne ƙanƙarar ta same ka. Na tambaye shi kwana nawa daga nan zuwa Hilsa. Ya ce ga mai ƙafa irin taka, sha biyu.

Wato ko kai ba ka taka ba. Kwana goma sha biyu na ƙarya ka ɗauka a hannu ka tafi da su.

Ɗan sandan nan ya ce, "Kin san shi?"

Da safen da ka fita ka tsaya a bakin gado da jan garin albarka a tafin hannu, ka ce in shafa maka a goshi. Ban juyo ba. Na ce in ka fita ƙofar nan ban san ka ba. Ga shi na rubuta.

Na ce wa ɗan sandan na san shi, mijina ne.

Juma'a, 21 ga Kartik, da rana

A bakin kogi. Yam ne ya sa wutar ƙona gawarka. Itacen ɗanye ne, ya daɗe. Na tsinke tsakiyar da hannuna, ban bar kowa ya taɓa mini wuya ba.

Talata, 25 ga Kartik, Pokhara, da safe

Ama ba ta yi mini magana ba tun da muka dawo, sai yau. Ina zaune a ƙasa da farin zane, da shinkafata marar gishiri, ta zo ta tsaya a kaina.

"Ke kika ce ba shi ba ne."

"Ni ce, Ama."

"Na soya masa waina."

"Na sani."

Na ɗauka mari ne zai biyo baya, kuma da na karɓa. Sai ta durƙusa da ƙyar, ta kama hannuna ta aza yatsunta huɗu a wurin da babu komai.

"Shi nasa ya kai ƙasa, naki bai kai ba. Yaron nan ba shi da wayo, ke ma kin sani. In kika je masa da wannan guntun, sai ya tsaya yana gardama wai ba ke ba ce."

"Ama, ban taka ba."

"Shi ya taka ne?"

Ta tashi ta bar ni. Uwa da ɗa duk kanwar ja ce.

Asabar, 29 ga Kartik, da rana

Na gyara hoton Thorong. Har yanzu ina jin haushinka, kada ka ɗauka wani abu ne.

Juma'a, 5 ga watan Mangsir, ƙarfe huɗu na yamma

Kwanakin zaman makoki sun cika jiya. Yau na hau benen, mataki goma sha tara, ina tsine wa kowane ɗaya. Bekha-dai yana ganina ya miƙe har ya ture kwalbar tawada.

"Zauna, Dai. Hannun da na ce ya bushe, ya bushe?"

"Yana ɗan rawa, Bahini."

"To ya daina. Ban yafe maka ba, aiki na kawo."

Na zauna a kujerar na naɗe riga. Ya wanke wurin, ya ɗauko taswirar nan tamu da ta sha ninki, ya daɗe yana kallonta. Ya sa yatsa a kan wani rafi a Mugu.

"In tsaya a nan? Inda ya kai da ƙafarsa?"

"Nasa a nan ya tsaya?"

"A'a."

"To me kake tambayata? Kai shi wuyan hannu."

"Ɗigon fa?"

"Bibbiyu. Kada ka sa in maimaita."

Ya kunna injin. Sau goma ina zama a kujerar nan ban taɓa ko ƙifta ido ba, kai ne mai raki. Yau da allurar ta sauka a kan ƙashin wuyan hannu na nemi abin riƙewa, babu kowa a kujerar gefe, sai na riƙe ƙarfen kujerar na kira uwata. Bekha-dai bai kashe injin ba, bai kuma yi mini ba'a ba.

Da ya gama ya ɗauko kyamara zai ɗauka don bangonsa, na ce ya ajiye. Bangon na waɗanda suka taka ne.

Ga shi nan an naɗe shi da leda, yana zafi, da ƙyar nake riƙe littafin. Ka ci nasara, tsoho, mun zama maƙaryata mu biyu. In na zo zan naɗe riga tun daga nesa, ka duba da kyau, ka ƙirga ɗigon ɗaya bayan ɗaya. Kada ka kuskura ka ce ba ka san ni ba.